Jan Zakara Ba Ya Ci a Gaban Mutane

Ku yaran da kuke zama a bakin shagon kaset na kusa da tashar Gumel, wannan takarda taku ce. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa shekaranjiya da na zo wucewa, mai baƙin gilashin nan da ya fi fuskarsa faɗi. Cewa ya yi mu mawaƙan da ba mu sha wata wahala ba, riga kawai muke zumbulawa mu buɗe baki a yi ta yi mana liƙi. Ban tanka ba, don a lokacin ina riƙe da ƙosai, kuma da zafinsa. Yanzu na ci na sha ruwa, zan ba ku amsa a rubuce. In kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri. Wata bakwai na yi a ajin yaƙi da jahilci, har aka tashi yaƙin ba a san wanda ya ci wani ba tsakanina da shi.

Baba Zakara kuka san ni da shi. Kafin tsufa ya ƙara mini Baba, Jan Zakara mai kukuma ake ce mini, daga Maigatari har Gagarawa. Uwata kuwa Tanko take kirana, a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo wanda ba sai na faɗi sunansa ba, tunda su ma sun daina faɗin nawa daga ranar da na bi makaɗa. Gidanmu manoma ne, ba mu gaji kiɗa ba.

Ranar da na je wurin maigidana Baba Ƙosau a Sule Tankarkar, da gemuna na je, na haura shekara ashirin. Ya sa na yi waƙa ɗaya a tsakar gidansa. Da na gama ya daɗe yana kallon akuyarsa, sannan ya ce, "Ka ga har ita ta daina ci."

Na ce, "Daɗi ne ya kama ta, Baba?"

Ya ce, "Ban tambaye ta ba. Muryarka dai ba za ta kashe kowa ba, ba kuma za ta ta da kowa ba. Tsayi kuwa, in ka tsaya a bayan jaki sai an neme ka. Amma kana da abu guda. Fuskarka ba ta zama a ran mutum. Jiya na gan ka a kasuwa mun yi magana, yau da ka shigo na zaci wani ne."

Na ce, "Wannan yabo ne ko zagi?"

Ya ce, "Jari ne. Zauna."

Aikin farko da ya ba ni ninkin riga. Shekara guda ban taɓa kukuma ba. In ninke, in kai wa mabugi, in dawo da ita, in koyi yadda ake naɗe hannun babbar riga a kafaɗa ya zauna ba tare da mutum ya yi ta gyarawa kamar mai korar ƙuda ba. A shekara ta biyu ya nuna mini kayan kunne, kuma ba su da yawa: ƙoƙo, fatar guza da ake rufe shi da ita, izgar doki, da ɗan ƙaro da ake goga wa izgar don ta kama. In damina ta yi sanyi fatar takan saki, sai ka kara ta a wuta kaɗan. Wannan duk wanda Allah ya ba yatsu zai koya cikin wata shida. Kayan ido ne suka sa koyon ya kai shekara uku.

Bari in lissafo muku su yadda ake sa su. Riga uku ce. Ta ciki saƙi ce mai kauri, da wani tsohon zane da ake ninkewa a shimfiɗa a kafaɗa ƙarƙashinta. Ta tsakiya baƙa ce mai ƙyalli, bakinta kawai ake so ya leƙo. Ta sama fara ce tas. Takalmi rufaffe, wani baduku a Gumel ya ɗinka mini shi, ya jera fata har hawa huɗu a dunduniya. Jar dara, a kifa ta har gira. Guntun farin rawani, ba a kai ba, a wuya, a ja shi ya rufe haɓa. Baƙin tabarau, wanda muka saya a hannun wani direban babbar mota mutumin Damagaram. Na ƙarshe haƙorin tagulla, ɗan kube ne da maƙerin fari ya yi mini, ana zura shi a kan haƙorin gaba. Mutane suna cewa gwal ne. Ni ban taɓa cewa gwal ne ba, ban kuma taɓa cewa ba shi ba ne.

Ranar da Baba Ƙosau ya gama shirya ni karo na farko, ya ja da baya ya dube ni, sai ya ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Daga wane gari?" A ranar ya sa mini Jan Zakara, ya kuma haɗa ni da Ɗanjuma mai kalangu, wanda ya zama makaɗina, bakina, kuma madubina.

Shigar gari ita ce rabin sana'ar. Ba ka tafiya cikin riga uku a rana, sai ka narke. A hanya ni ɗan dako ne, 'yar shara da gajeren wando, ba takalmi, ƙunshin kaya a ka. In muka gamu da mutane suka ga kalangu a kafaɗar Ɗanjuma, sai su ce, "Ina Zakaran?" Ya ce, "Yana tafe a baya." Ni ko kallona ba a yi. An sha ce mini in matsa gefe kada in tare masa hanya. A bayan kowane gari muna da bishiya. A Maigatari tsamiya ce, a Sule Tankarkar gawo, a Gagarawa wata kuka mai kogo. Nan zan wanke fuska, in sa kwalli, in shafa turare, in shiga kaya. Sannan Ɗanjuma ya ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ya zagaye ni sau uku, daga dara har takalmi. Zare ɗaya bai taɓa wuce shi ba. Sai ya ce, "Tanko, zauna nan ka jira mu," yana magana da gindin bishiya. Mu kuwa mu shiga gari.

Wata Alhamis a kasuwar Maigatari, a farkon fitata, na yi kuskuren da kuke yi yanzu. Ina isa na fara gogawa. Na yi waƙa uku, babu wanda ya juyo sai wata mai fura, ita ma don na tsaya mata a inuwa. Baba Ƙosau yana gefe cikin tsumma yana kallo. Da muka koma tsamiya ya ce, "Wa ya aike ka? Kai ne mai jira ko su?" Alhamis ta gaba na yi yadda ya ce. Na taka a hankali kamar ƙasar ta ubana ce kuma ina tunanin sayar da ita. Na tsaya a tsakanin 'yan shanu da mahauta, bayan la'asar, ina fuskantar yamma. Ɗanjuma yana taɓa kalangu ƙasa-ƙasa. Ban motsa ba har dillalai suka bar cinikinsu. Na zaro kukuma daga jaka kamar mai fito da jariri. Sannan na yi murmushi sau ɗaya, rana ta bugi tagulla. Wata mata ta saki guɗa tun ban goga ba. Waƙoƙin jiya ne, muryar jiya ce. A ranar wani mutumin Damagaram ya tuɓe rigarsa ya yafa mini, ya ce kado ne, wato kyauta a bakinsu.

In kun ɗauka tsayuwa da murmushi wasa ne, ku gwada tsayawa cikin riga uku a watan bazara, gumi yana bin bayanku kamar tururuwa, kuma ba halin ku sosa.

Mutanen Maigatari sun tabbata ni ɗan birnin Kano ne. Mutanen Gagarawa sun rantse daga Damagaram nake. A Gumel an kasu biyu. Ba na magana da kowa sai a cikin waƙa. In an gaishe ni, in ɗaga hannu, Ɗanjuma ya amsa. In ta kama dole, ina da wata murya da nake ciro ta daga ƙirji, kalma uku ko huɗu, in rufe baki.

Doka mafi girma ita ce ta abinci. Jan Zakara ba ya ci a gaban mutane. Dalilin ba wani abin mamaki ba ne: ba a tauna da kuben tagulla, sai an cire shi, kuma sai an sassauta rawani, tabarau ma tururin tuwo yana rufe shi. In ka cire waɗannan uku, Tanko ne zaune cikin rigar wani. Amma masu masauki sun ɗauke shi girma. Duk gidan da na sauka, sai a share zaure, a shimfiɗa tabarma, a ajiye akushi a rufe, a saki asabari. Ɗanjuma ya fita waje ya zauna da mutanen gida, ina jin su ta bayan asabari suna gardama da dariya, wani yana cewa a bar masa ƙashin nan. Ba ƙorafi nake ba. Nama ya fi yawa a akushina. Shekara shida a haka.

Sai shekarar da gero bai yi ba. Wannan 'yan shekaru ne kafin Turawa su tafi, tsofaffinku sun san ta. Aka daina biki, suna ma a asirce ake raɗawa da ɗan goro. Baba Ƙosau ya rasu da kaka. Da rani ya shigo Ɗanjuma ya ce zai yi kudu neman aiki, yana da bakuna biyar a gida. Ya bar mini tsumman nan nasa da wani madubi kamar tafin hannu. Ya ce, "Ka riƙa dubawa da kyau." Ban sake ganinsa ba.

Ban sayar da ko riga ɗaya ba, in kuna son sanin irin haukan. Na yi ta yawo da ƙunshi daga bishiya zuwa bishiya, in leƙa gari cikin 'yar shara, in ga babu mai halin jin kiɗa, in wuce. A haka na isa kukar Gagarawa, kwana uku rabona da abin kirki. Niyyata in shirya in shiga wurin Alhaji Bawa, mai sayen gyaɗa, wanda ya fi kowa yi mini alheri a ƙasar nan. Na zaro kukuma in gwada, sai na ga hannuna yana rawa, izga tana kuka kamar ƙofa. Na ce Jan Zakara ba zai shiga Gagarawa ba makaɗi, ba baki, da hannu mai kakkarwa ba. A lokacin wasu mutane suka wuce suna cewa Alhaji Bawa yana ginin katanga, ya sauko da garin rogo ta jirgin ƙasa, duk wanda ya yi aiki akwai abincin rana da mudu guda. Na cusa ƙunshi da kukuma can cikin kogon kuka, na toshe da ƙaya, na bi su.

Ku gane abin da na sa a wuta. In mutum ɗaya ya gane cewa Jan Zakara ne yake taka ƙasa don mudun gari, kafin Alhamis biyu labarin ya isa Maigatari. Daga nan ko riga goma na sa, Tanko za a gani, a yi dariya. Shekara tara na aiki za su tafi a rana guda.

Alhaji Bawa da kansa ya tsaya a ƙofar gida yana duba mu. Mutumin da na yi wa waƙa ya fi sau ashirin. Ya dube ni ya ce, "Wannan ɗan tsurut ɗin zai iya?" Wani tsoho mai hula ba launi ya ce, "A ba ni shi, Alhaji. Ƙafa nake nema, ba kafaɗa ba." Wannan shi ne Gambo magini, shugaban aikin.

Aikina kwaɓa ƙasa. A haƙo ta daga kududdufi, a zuba ruwa da ciyawa, ka shiga ka yi ta takawa har ta yi laushi, masu tubali su ɗiba. Da azahar ta yi aka kawo akushi, mutum biyar-biyar. Garin rogo ne aka jiƙa, da ƙuli-ƙuli da barkono da ɗan ganyen tafasa. Na wanke hannu, na ɗebi loma, sai na ji Gambo ya ce, "Kai baƙo, wa ya yi maka laifi?"

Ashe ban sani ba na juya musu baya ina fuskantar bango.

Ya ce, "Juyo. Mu ma bakin ne da mu, mun san yadda ake yi da shi. Yaya sunanka?"

Na ce, "Tanko."

"To Tanko, nan ne gurbinka, tsakanina da Audu. Ka kula da Audu, hannunsa ba ya sanin iyaka."

Audu ya ce, "Baba Gambo, kai da ka haƙa rami ta ƙasa gefena ya rufta gefenka?"

"Wannan ilimin gini ne, ba sata ba."

Na manta yadda ake ci da mutane. Ina tauna a hankali, kafin in kai loma ta uku an ga gindin akushi. Washegari Gambo ya sa yatsa ya ja layi a cikin garin, ya ce wannan gonar Tanko ce, duk wanda ya shiga sai ya taka ƙasa a madadinsa. A kwana na huɗu layi bai ƙara zama dole ba, har Audu ya kai ƙarata. Da yamma in karɓi muduna in ce zan kwana wurin 'yan uwa a ƙauye, in koma kuka.

A kwana na shida tsingaro ya yanke ni a babban yatsan ƙafar dama, a cikin kwaɓi. Gambo ya zaunar da ni, ya wanke, ya tauna wani ganye ya liƙa, ya yagi bakin shuɗiyar rigarsa ya ɗaure. Ya ce, "Ka ga rigar ta ƙara shan iska. Tashi, ba a biyan mai zama."

Ranar kuwa aka ɗauko zancen Jan Zakara a bakin akushi. Ban san wanda ya fara ba.

Audu ya ce, "Ni na gan shi kusa da kusa. Ƙato ne. Sai da ya karkata kafin ya shiga zauren Alhaji."

Wani ya ce, "An ce ba ya cin abinci. Turare yake shaƙa."

Gambo ya ce, "To akushin da ake fito da shi wayam fa?"

"Mutanensa ne suke ci, waɗanda ba a gani."

Ina cin garina ina ji, har na fara jin tsoron mutumin. Sai na ƙarshe ya ce, "Ai ya mutu. A Damagaram, tun da kaka. Wani mai raƙumi ya gaya mini, ya ga kabarin."

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma shekara tara na yi ina gina mutumin nan, ga wani yana binne shi da bakin da ke cike da ƙuli-ƙuli. Na ce, "Bai mutu ba. Na gan shi a Gumel, bai fi kwana goma ba."

Kafin la'asar magana ta kai kunnen Alhaji. Ya sa aka kira ni. Na durƙusa, ya ce, "Kai ne ka san inda Zakara yake?" Na ce na san gidan da yake sauka. Ya ce, "Katanga za ta ƙare jibi. Mutane suna cewa Bawa ya karye, wai bana ko goro ba ya rabawa. Ina so Zakara ya tsaya a gaban katangar nan ya yi wasa, a ji har tasha. Ka tafi gobe da sassafe. Ka ce masa gata bayan la'asar za a tarye shi a bakin kuka da kalangun mahauta. Ka gyara bakinka in za ka yi masa magana, ba irinku ba ne."

Na ce, "To, Alhaji." A ranar na gane shi ma riga uku yake sawa, nasa dai da tubali aka yi su.

Aka ba ni guzuri. Gambo ya raka ni har bakin gari ya ce, "Ka yi sauri ka dawo. Ranar wasan an ce da wake." Na bi hanyar Gumel har ya daina hango ni, na zagayo ta cikin gonaki na koma kuka.

Kwana biyu na yi a gindinta ina jiran kaina. In na ji tafiyar mutane in shige kogo. Na shanya riguna a bayan bishiya, na goge tagulla da toka, na ɗaure izga, na gwada hannu na ga ya daina rawa, garin Alhaji ya yi aikinsa. Da azahar iska takan kawo hayaniyar wurin gini. Na san lokacin da ake ajiye akushi.

Ranar da aka yi alkawari na fara shiri tun rana tana tsaka. Zane a kafaɗa, saƙi, baƙa, fara. Kwalli, dara, rawani, tabarau, haƙori. Na zura takalmi, yatsan ya ɗan matse, na daure. Na ɗauki madubin Ɗanjuma na duba da kyau kamar yadda ya ce. Sai dai madubin fuska kawai yake nunawa, kuma ba ya zagaya mutum.

Aka zo da kalangu biyu da jama'a. Na shiga Gagarawa a hankali. Na wuce kududdufin da na yi kwana shida a ciki. Na wuce Audu, ya cire hula. Na tsaya a gaban sabuwar katanga ina fuskantar yamma, na bar su suka jira, na yi murmushi. Sannan na goga. Na wasa Alhaji Bawa, na ce gidan da ake gini a shekarar da wasu ke rushewa. Na sa sunan Gambo magini a waƙar, abin da ban taɓa yi wa mai aikin hannu ba. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su yi dariya ba suka taka rawa da cikin da ba kowa. Alhaji ya ce a ba ni buhun dawa da jakin da zai kai shi. Wannan buhu shi ya fitar da ni shekarar.

Da aka tashi, rana ba ta faɗi ba tukuna, aka kai ni zaure. Na cire takalmi a bakin ƙofa kamar kowa, na zauna na miƙe ƙafa. Aka ajiye akushi, aka saki asabari. Na buɗe, tuwo ne da kaza. A waje ina jin an kawo na ma'aikata, Audu yana cewa waken bai kai yadda aka yi alkawari ba. Na cire haƙori ke nan sai na ji sallama. Na mayar da shi da sauri, na gyara tabarau, na yi gyaran murya.

Gambo ne, da 'yar ƙwarya a hannu. Ya ɗaga asabari ya shigo ya tsuguna nesa kaɗan. Don girmamawa bai dubi fuskata ba, ya sa idonsa a ƙasa. A ƙasan kuwa ƙafata take, da shuɗin ƙyallen rigarsa a babban yatsa, da ƙullin da ya yi da hannunsa.

Ya ce, "Zakara, sannu da ƙoƙari. Na ji sunana, na gode. Tambaya ce da ni. Mutumin da muka aika maka, wani ɗan tsurut, Tanko. Ba mu ga ya dawo ba."

Na ciro muryar ƙirji na ce, "Yana Gumel. Ƙafarsa tana ciwo."

Idonsa bai bar wurin ba. Na so in janye ƙafar cikin riga, na ga in na janye na faɗa da bakina. A waje mutum talatin ne zaune, kuma asabari ba ya tare magana.

Ya ce, "Gaskiya ne, tana ciwo. To don Allah in ka koma ka ce masa ya kwance ƙyallen nan. Kwana uku ya isa, in ya wuce haka wurin zai yi ruwa. Ya bar shi ya sha iska."

Na ɗaga hannu, alamar na ji.

Ya turo ƙwaryar gabana. "Wannan rabonsa ne na yau. Da ƙyar na ƙwace shi a hannun Audu. Ka ce masa akwai wani ginin bayan wannan, kuma gurbinsa yana nan, in ya ga dama."

Ya tashi ya fita, ya saki asabari da hannunsa, har ya gyara gefen da ya karkace. Na zauna ina jiran dariya ta tashi. Na ji Audu ya ce, "Baba Gambo, ka ga fuskarsa?"

Ya ce, "Wa ya isa? Haƙorin nan ya kashe mini ido. Matsa, ka shiga gonata."

Daga inda nake zuwa akushinsu bai fi taku goma ba. Cire dara da tabarau ba ya ɗaukar lokacin da za a sha ruwa. Na san wannan, ba sai kun gaya mini ba. Amma ga buhun dawa an riga an ɗora wa jaki, kuma Jan Zakara aka ba, ba Tanko ba. Na dubi tuwo da kaza, na dubi gari da wake. Na cire haƙori na ci na Tanko. Kazar aka fitar da ita yadda aka kawo ta, abin da ya ƙara tabbatar wa mutanen Gagarawa cewa turare nake shaƙa.

Damina ta gaba ta yi kyau. Na sami wani makaɗin, na koya masa zagaye da tsumma, na ce masa ya fara daga ƙafa. Na yi shekara ashirin da wani abu ina wasa bayan nan, ba wanda ya taɓa jin wannan labari. Duk zuwan da zan yi Gagarawa, in an saki asabari, Gambo zai yi sallama ya tsuguna ya ce, "Zakara, yaya wajen Tanko?" In ce, "Yana lafiya." Ya ce, "A gaishe shi. A ce Audu ya yi aure, hannun dai yana nan yadda yake." Ya fita. Bai taɓa ƙara kalma a kan haka ba, ni ma ban ƙara ba.

To kai mai faɗin gilashi, ka ce riga kawai muke zumbulawa. Haka ne, ba ta da wuyar sawa. Gilashin naka ma ya yi maka kyau, sai dai ka rage murmushi, kana yin sa da yawa har ya yi araha. Kafin ka ƙara wani abu a kai, ka tabbata akwai wanda kake ci da shi a kwano ɗaya, wanda ya san sunan da ake kiranka da shi a gida.

Haƙorin yana nan a cikin gwangwanin ashana, wanda ake zura shi a kai ne ya faɗi. Gambo ya rasu da daɗewa, kuma tun da aka binne shi ba wanda ya sake tambayata lafiyar Tanko. Lafiyarsa ƙalau, in kuna son sani. Yana cin abinci da azahar a ƙofar gidan nan mai dalbejiya a bayan tasha, yana fuskantar hanya. Akushin babba ne.